Babbar jikkar baya, ƙugu ne ke ɗaukar ta

'Yan Damagaram masu son doguwar tahiya a ƙasa, don Allah ku tausaya wa kafaɗunku. Jikkar nan mai sandunan alminiyom a cikin bayanta an yi ta ne don nauyi ya sauka a ƙugu. Ka sassauta igiyoyin duka tukuna, ka ɗaure ɗamarar daidai kan ƙashin ƙugu ta kama sosai, sannan ka ja na kafaɗa kaɗan kaɗan. Ruwa ne babban kayanmu a zafin nan, lita ɗaya kilo ɗaya ce, to ya zauna tsakiya manne da bayanka, bargo can ƙasa. Ka cika ta ka gwada hanyar Mirriya da sassafe, in kafaɗa ta fara tsami ka ƙara matse ɗamarar.