Baƙin ganye ba shi ne ƙarfin siga ba

Wani ƙanen abokina da ya fara shan siga, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla ba takarda, ya ce min wai baƙar yake tsoro, kada ta juya masa kai. Wallahi abun nan na damuna, don kusan kowane sabon shiga haka yake zato.

Siga hawa uku ce, akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sai rigar waje da ido ke gani. Ƙarfin da ke sa mutum jiri yawanci daga ciki yake, musamman ganyen ƙololuwar shuka da ake kira ligero, shi ya fi shan rana ya fi nikotin. Ita rigar ɗanɗano take ƙarawa, kuma in sigar siririya ce sai ka fi jinta sosai.

Baƙar nan da yake gudu sunanta Maduro, da Sifaniyanci ma'anarta nunanne. Ganye mai kauri ake samu kamar San Andres na Meziko ko Connecticut Broadleaf, a jibge shi a bar shi ya daɗe yana ɗaukan zafin kansa ana juyawa har ya yi duhu, to a nan ne kaifinsa ke kwantawa zaƙi ya fito, sai ka ji kamar kofi da cakulan. Sau da yawa ta fi masu haske laushi a baki.

Connecticut Shade kuwa ƙarƙashin rumfar yadi ake nomanta a Amurka tun wajajen 1900, yanzu Ekwado ta karɓe kaso mai yawa saboda can gajimare ne rumfar. Launin ruwan zuma, sanyi-sanyi kamar madara, da ita akasari ake farawa. Corojo sunan wata gona ce a Pinar del Rio ta Kuba, yau an fi nomanta a Honduras, ita kam yaji ne da ita kamar masoro, ba ta safe ba ce.

Amma ni wadda ta fi kwanta min ita ce ta Kamaru. Irin Sumatra ne aka kawo, ana nomawa a gabashin ƙasar har cikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ganyen siriri ne mai saurin tsagewa, in ka shafa za ka ji ƴan ƙurji-ƙurji na mai, zaƙinta da ɗan yaji kamar kirfa. Kamfanin siga na Arturo Fuente da ita suke naɗe sigarsu mai suna Hemingway a Jamhuriyar Dominika, ganyen maƙwabtanmu ne ya tsallaka teku.

Yaron dai na faɗa masa siga ba ta fi sigari sauƙi ga lafiya ba, ko da ba a zuƙar hayaƙin zuwa huhu. Sannan na ce in dai sai ya gwada, ya samo biyu masu ganyen ciki iri ɗaya riga daban, ya ci abinci tukuna, ya sha a hankali.