Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a taron yara na ranar Asabar

Assalamu alaikum. Sai yau Allah ya ba ni ikon zama in rubuta wannan godiya, don tun daren Asabar muryata ta dishe, ƙafa kuma ta ƙi taka ƙasa. Alhamdu lillahi, taron da muka shirya wa yaranmu na zango a nan Akara don tunawa da Philip Gbeho, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasar Ghana, ya yiwu, duk da ruwan da ya so ya raba mu da shi.

Da yawa sun tambaye ni, wai me ya haɗa 'ya'yan zango da wani makaɗi ɗan ƙabilar Ewe kuma ɗan Katolika da ya rasu tun 1976? Amsar tana bakin yaran. Kullum da safe suna tsayawa a layi su rera taken ƙasa, amma ranar da na tambayi aji guda wa ya tsara kiɗan, sai kallon-kallo. Wani ma cewa ya yi Nkrumah ne, shugaban Ghana na farko. Wannan kunyar ce ta sa na tashi.

Gbeho malamin makaranta ne kafin komai. An haife shi a 1904 a Vodza kusa da Keta, ya yi karatun malanta a kwalejin Achimota da ke Akara, ya koyar a Keta, daga baya ya dawo Achimota yana koyar da kiɗa. A 1949 ya tafi Landan ƙaro ilimi a kwalejin kiɗa ta Trinity. Abin da ya fi burge ni, zuwa Ingila bai sa ya raina gangar gida ba. A zamanin da 'yan mishan ke kallon kiɗan gargajiya a matsayin kayan arna, shi dagewa ya yi a koyar da shi a makarantu. Kiɗansa aka zaɓa ya zama taken Ghana a 1957. An sauya baitocin daga baya, amma karin nasa ne har gobe. A 1959 kuma aka kafa babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, irin wadda Turawa ke kira okestra, shi ne jagoranta.

Godiyata ta farko ga Baba, dattijon nan mai gogen Bature, wanda ya hawo motar haya ta trotro da kansa, da akwatin gogensa a cinya, ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Waɗanda ba su zo ba sun yi asara. Ana cikin jawabi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu, rumfar da muka yi haya ta fara yoyo daidai kan kujerun iyaye. Ni dai na riga na saduda. Sai Baba ya ce a shigar da yaran aji. Ya raba su uku: masu tafi, masu buga tebur, masu rerawa. Sandarsa ta jagora tana can cikin jakar da ta jiƙe, sai ya zaro tsinken tsintsiya ɗaya daga bayan ƙofa ya ɗaga. Wallahi ajin nan da nake fama da shi shekara guda ya yi tsit. In ya sauke hannun hagu a hankali, murya ta yi ƙasa. In ya buɗe tafinsa, ta cika ɗaki har ta danne ƙarar ruwa a kan kwano. Wata yarinya ta ce, “Malam, shi me yake kaɗawa?” Baba ya yi dariya ya ce, “Ku nake kaɗawa, jikata.” A wurinmu sarkin kiɗa da kalangunsa a hammata yake jan 'yan amshi. Shi wannan jagora ba ya fitar da sauti ko ɗaya, amma numfashin kowa a hannunsa yake.

Ina gode wa Malam Liman, wanda ya saurare ni har ƙarshe lokacin da wasu iyaye suka ji tsoron za a mayar musu da yara maroƙa. Bai ce kowa ya yarda ba, ya dai ce a zo a gani da ido. Iyayen da suka hana nasu zuwa ma na gode, kuma ban riƙe kowa a rai ba.

Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, waakye (shinkafa da wake) da sobolon (zoɓon) nan sun fitar da mu kunya. Samarin layi da suka yi ta kwasar kujeru cikin ruwa, Allah ya yi muku albarka. Mai rumfa kuwa, na yafe, amma ka ɗinke ta kafin ka ba wani.

Uwargida, ke kin san abin da kika jure na wata biyu. Na gode.

Akwai laima biyu da takalmin yaro ƙafa ɗaya da aka bari a ofis, mai su ya zo ya karɓa. Tsinken tsintsiyar kuma kada a neme shi: yarinyar nan ta tafi da shi gida, mahaifiyarta ta ce tun jiya take jera ƙannenta a tsakar gida tana ɗaga musu.