Wata huɗu ina bin inuwar alfa

Har yau in na tuna hoton nan da na fitar daga binciken igiyoyin wutar ƙwaƙwalwar mutane raina sai ya ɓaci. Jajayen layuka sun haɗe ƙeya da tsakiyar kai, igiyar alfa mai zagaye 10 a daƙiƙa da igiyar beta mai zagaye 20 suna tafiya tare, alfa ta yi ɗaya beta ta yi biyu. Na ɗauka na kama sassan ƙwaƙwalwa biyu suna zance da juna. Wata huɗu na yi ina gina rubutu a kai.

Ranar da na kai wa malamina, ko kallon launukan bai yi ba. Ya ce, "Buɗe min ɗanyen EEG ɗin, wanda ba ka tace ba." Na buɗe. EEG shi ne zanen wutar ƙwaƙwalwa da ake ɗauka da wayoyi a fatar kai. Ya sa biro ya bi igiyar: gefe ɗaya a lanƙwashe, ɗaya gefen da tsini. Wannan ita ce igiyar da ake kira "mu", 'yar'uwar alfa da ke fitowa daga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsin jiki. Shi kuwa lissafin Fourier, wanda ake rarrabe igiyoyi da shi bisa saurinsu, duk igiyar da ke da tsini sai ya raba ta gida-gida: 10, 20, 30. Ashe betan da nake ta murna da ita inuwar igiyar farko ce. To yaya abu zai ƙi daidaita da kansa?

Jajayen layukan ma ba su tsira ba. Wutar ƙwaƙwalwa tana ratsa ƙoƙon kai da fata ta isa wayoyi da yawa lokaci guda, sai tushe ɗaya ya yi kama da hira. Da na gwada ma'aunin da Stam da abokan aikinsa suka fitar a 2007, wanda ke watsar da duk daidaiton da babu jinkiri a cikinsa, yawancinsu suka ɓace.

Daidaiton na gaskiya yana nan, an ga yadda igiyar teta mai tafiyar hawainiya ke ɗaukar igiyar gama mai sauri a hifokamfas ɗin ɓera, wato sashen ƙwaƙwalwa mai aikin tunawa, da wayoyin da aka dasa a ciki. Nawa ne na bogi.

Hans Berger, wanda ya fara ɗaukar EEG na ɗan'adam, da idonsa ya ga alfar da ya bayyana a 1929, ni da kwamfuta a gabana na kasa duba igiyar. Yanzu kafin in tace komai sai na zauna da ɗanyen, mutum bayan mutum. Abin da ya fi ci min rai, shaidar tana cikin jadawalina tun makon farko: mai alfa 9 betansa 18, mai 11 nasa 22. Na gani, na wuce.