Yayan da Ya Tsaya a Gida

A shekarar da muka yi darasin tarihin gine-gine, babu sunan da ya zauna mini kamar na Robert Adam. Ɗan Skotlan ne, haifaffen Kirkcaldy a 1728. Malaminmu yakan nuna mana hotunan silin gidajen Syon da Osterley, da adon filasta siriri kamar aikin allura a wuyan babbar riga, ni kuwa in saki baki. Na haddace tafiyarsa tsaf: ya bar gida a 1754, ya yi kusan shekara uku a Italiya yana koyon zane wurin Bafaranshen nan Clérisseau, ya tsallaka Split, a ƙasar Kuroshiya ta yau, a 1757 ya auna kangon fadar Sarkin Rum Diocletian, ya buɗe ofis a Landan a 1758. Bayan shekara uku aka naɗa shi mai zanen gine-ginen Sarkin Ingila, shi da William Chambers. Abin da na zuba a takardar jarrabawa ke nan, kuma na ci.

Tambayar da ban yi ba sai da na fara aiki a ɗan kamfanin gidanmu ita ce: da Robert yake yawon auna kangaye, wa yake biyan leburori?

Yayansa ne, John. Da mahaifinsu William Adam ya rasu a 1748, John ya gaji kamfanin, ya kuma gaji muƙamin babban magini na hukumar makaman soja a Skotlan, sannan ya jawo Robert suka haɗa hannu. Babban aikinsu a lokacin shi ne Fort George, ganuwar sojan da aka kafa kusa da Inverness bayan tawayen 1745. Zanen ma ba nasu ba ne, na wani injiniyan soja ne, William Skinner. Su 'yan kwangila ne kawai: dutse, farar ƙasa, ma'aikata, lissafi, shekara wajen ashirin. Ba wanda zai nuna wa ɗalibi hoton wannan don ya burge shi. Amma daga irin wannan aikin Robert ya tara guzurin Italiya.

Mu ma haka gidanmu yake. Baba magini ne, ni na yi karatun zane, Yaya kuma shi ke riƙe da littafin kuɗi da wurin aiki. Na daɗe ina yi masa kallon wanda bai san komai ba sai farashin siminti da rodi. Wata rana na kawo masa shawarar mu daina jiran masu ba da aiki, mu ci bashi mu sayi fili, mu gina gidaje na kanmu mu sayar. Har zanen na kai masa. Ya duba a tsanake, ya ce, “Ya yi kyau. To in ba a saya ba, gidan wa za a ɗauka?” Ranar ban ci tuwon dare da su ba.

Haushin nan ne ya mayar da ni kan labarin Adelphi, wanda a aji muka wuce shi a guje. Kalmar a harshen Girka tana nufin 'yan'uwa. A 1768 'yan gidan Adam suka karɓi hayar wani fili a bakin Kogin Thames a Landan, suka ɗora jerin manyan gidaje a kan rumfunan bulo masu baka, da niyyar gwamnati ta kama rumfunan ta yi sito. Gwamnati ba ta kama ba, ruwan kogi kuma yana shiga in ya yi tudu. Ana cikin haka bankuna suka durƙushe a 1772, bashi ya taso musu, aka sallami ma'aikata. Sai da majalisar dokoki ta ba su izinin sayar da gidajen ta hanyar caca, tikiti 4,370 a kan fam 50 kowanne, aka fitar da sakamako a 1774, sannan suka sha da ƙyar. Mu ko wannan ƙofar ba tamu ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne John, da ke can Edinburgh, sai da ya jinginar da Blair Adam, gandun da ubansu ya bari. Ƙanne suka yi mafarki a Landan, takardar gidan gado ta tafi hannun masu bashi. Ba na rage wa Robert komai; bayan wannan faɗuwa ya zana fadar Culzean da gidajen dandalin Charlotte Square na Edinburgh, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fensir ya san ba ƙaramin hannu ba ne. Sai dai yanzu in na ga hoton silin nan, ina ganin wanda ya tsaya masa.

John da Robert a shekara ɗaya suka rasu, 1792. An binne Robert a babban cocin Westminster Abbey. Zane-zanen ofishinsu, wajen 9,000, wani mai zanen gine-gine, John Soane, ya saye su a 1833 a kan fam 200, suna nan a gidan tarihinsa na Landan. Jerin gidajen Adelphi kuwa an rushe shi a 1936.

Zanen gidajena yana nan a naɗe a saman kabad. Makon jiya Yaya ya ce in sauko da shi, wai ya samu wani mai fili da zai sa kuɗinsa, mu kuma mu sa hannu. Ya buɗe littafinsa, muka fara daga kuɗin tonon harsashi.