Asabar, a ƙarƙashin ƙasa a Kasukabe

Yanzu na dawo ɗaki, ƙafafuna sai zogi suke amma bari in rubuta tun abin yana sabo a kaina. Yau dai Allah ya cika min burin da na daɗe da shi tun zuwana Japan, na shiga katafariyar magudanar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa da ke hana ambaliya a Kasukabe a yankin Saitama, arewa da Tokyo. Sau biyu ina yin rajistar shiga ana sokewa saboda ruwan sama, don in ruwa ya shiga ciki ba mai sauka, shi ya sa tun asuba nake leƙa taga ina duba gari.

Jirgin ƙasa na hau zuwa tashar Minami-Sakurai, daga nan na taka da ƙafa, tafiyar da ɗan nisa wallahi, duk gonakin shinkafa ne da ƙananan gidaje. Da na isa sai na ga filin ƙwallo kawai, ciyawa shar, da wata 'yar ƙofa a gefe kamar ta ɗakin janareta. Wai nan ce hanyar.

Matakala 116 muka sauka. Tun a tsakiya sanyi ya fara ratsa rigata, ga warin damshi irin na tsohuwar rijiya, ina juya kwanar ƙarshe kuwa sai da na ce subhanallah a fili har wata tsohuwa da ke gabana ta waiwayo. Ɗaki ne guda tsawonsa mita 177, faɗi 78, daga ƙasa zuwa rufi mita 18, ga ginshiƙan kankare guda 59 a jere kowanne tan 500. Mai yi mana jagora ta ce nauyin nasu ba don riƙe rufi kaɗai ba ne, ruwan da ke cikin ƙasa yana iya turo ginin gaba ɗaya sama kamar yadda ƙwarya ke tasowa a randa, to su ne ke danne shi. Wannan bayanin ya tsaya min a rai sosai.

Hoto kuma ya ba ni wuya, gaskiya. Hasken fitilun rawaya-rawaya ne kuma bai kai ko'ina ba, ban zo da abin kafa kyamara ba, duk wanda na ɗauka da hannu sai ya fito dishi-dishi. Ƙarshe sai na tsuguna na ɗora kyamarar a kan jakata na sa mata lokaci, na ɗauke numfashi, a nan ne na samu abin da nake so, don ƙasan a jiƙe yake, ɗan ruwan da ya kwanta ya zama madubi, ginshiƙan suka ninka biyu, sama da ƙasa. Sai kuma na lura in babu mutum a hoton ba ka gane girman wurin sam, na jira har wani yaro mai jar hula ya je ya tsaya a gindin ginshiƙi ya ɗaga kai, na danna. Bai kai ƙwayar gero ba a wurin. Shi ne hoton da na fi so cikin duk na yau.

A jikin ginshiƙan akwai alluna can sama da ke nuna inda ruwa ke kaiwa in injinan tura ruwa na aiki, sai ka ɗaga wuya kafin ka gan su, ga shatin laka a bango. Wato inda nake tsaye ɗin nan wata rana duk ruwa ne. Daga ƙarshen ɗakin ana hango bakin rijiya ta farko, irinsu biyar ne, an haɗa su da rami mai tsawon kilomita 6.3 a zurfin mita 50 a ƙarƙashin babban titi mai lamba 16. In ƙananan koguna irin su Naka da Kuramatsu suka cika sai rarar ta zubo nan, injina huɗu su tura ta kogin Edo, mita kubik 200 a kowace daƙiƙa. Daga 1993 aka fara aikin sai 2006 aka gama.

Ina tsaye a wurin sai Maiduguri ta faɗo min, Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kwana biyu muna kiran gwaggona wayarta ba ta shiga, har aka same ta a sansani da jikokinta da kayan jikinsu kaɗai. Na tuna lambatun layinmu da muke yashewa da shebur duk farkon damina, leda da robar lemo da yashi har gwiwa. Nan ma fa laka na taruwa, mai yi mana jagora ta ce ta wata kafa a rufi ake zuro motar ture ƙasa ta kwashe, wurin da baƙi ke takawa kuma ma'aikata ne ke sharewa da hannu. Idona ya ɗan kawo ruwa, na fake da goge gilashin kyamara.

Hawowar ta fi saukar wahala, na fito ina haki rana ta kashe min ido. A jirgi na tura hoton yaron nan gurup ɗin gidanmu, Hajiya ta turo murya tana cewa, Auta wannan wane masallaci ne haka babu tabarma? Na ce mata Hajiya hanyar ruwa ce. Ta yi shiru, sai can ta sake turowa wai in tura wa gwaggo ta gani. Na tura, har yanzu dai ba ta buɗe ba.