Kalma 1,667 tsakanin asuba da tashin yara

Bara war haka bangon ɗakina a Jidda cike yake da 'yan takardu masu launi. Guda talatin na manna, kowace takarda babi guda, na ja layi da jan biro daga haihuwar tauraruwata har ranar da za ta hango Ka'aba. Maigidan ya leƙo ya ce, "Maman Abba, wannan littafi za a rubuta ko taswirar yaƙi?" Na ce masa ya bari Nuwamba ta kama ya sha kallo.

Abin da na shirya wa shi ne ƙalubalen nan na rubuta ƙagaggen labari cikin wata guda. Wani Ba'amurke mai suna Chris Baty ya fara shi a 1999 a yankin San Faransisko, su 21 kacal, aka sa masa suna NaNoWriMo. Daga shekara ta 2000 aka mayar da shi watan Nuwamba. Sharaɗin kalma 50,000 ne cikin kwana 30, wato 1,667 kowace rana. Ƙungiyar da ke kula da shi ta sanar da rufewa a 2025, amma lissafin bai mutu da ita ba, marubuta na ci gaba da yin abinsu tsakaninsu. Idan adadin bai yi maka kama da komai ba, ka tuna labarin da ake aikawa gasar Hikayata ta BBC ba ya wuce kalma 1,500. Kullum ta Allah sai ka rubuta fiye da wannan, ba Juma'a ba Asabar.

Labarina na wata yarinya ne da iyayenta suka taso da ita daga Kano zuwa aikin hajji ta ƙasa, irin tafiyar da kakanninmu kan yi shekaru a kanta. Na yi karatu sosai a watan Oktoba. Na san hanyar: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya inda ake haurowa Jidda. Na san bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Na san an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, mahajjatanmu da yawa suka tsaya can suna tsintar auduga don haɗa kuɗin jirgi, wasu kuma tsayawar ke nan har yau jikokinsu na can. Duk wannan yana cikin littafin rubutuna, da shekaru da komai.

Kwana uku na farko na yi gudu kamar an sako tinkiya. Rana ta huɗu ayari ya bar Abeshe, yarinyar ta ce tana jin ƙishi, sai na tsaya cak. A me suke ɗaukar ruwan? Wa ke riƙe da shi? Idan yaro ya yi kuka da dare a dajin da ba a san shi ba, me uwar ke ce masa? Takarda ta huɗu a bango cewa kawai ta yi "wahalar hanya". Na zauna ina kallon kalmomin nan biyu har aka kira azahar. Ranar kalma 200 na rubuta, rabinsu ma "sai suka ci gaba da tafiya" ne.

Akwai wata tsohuwa a benen da ke ƙasa da namu, kowa Kaka yake kiranta. Shekara biyu muna gaisawa a matakala, ina kai mata tuwo idan na tuƙa, ban taɓa tambayarta yadda ta zo ƙasar nan ba. Washegari na sauka da kwanon kunun gyaɗa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ta dube ni ta yi dariya har dasashinta ya bayyana. "Ke 'yar nan, ashe abin da ya kawo ki ke nan. Zauna." Ashe tana goye aka fito da ita daga ƙasar Haɗeja, ba ta taka Jidda ba sai da ta isa aure.

Ba ta ba ni tarihi ba, ba ta ma san shekarar ba. Abin da ta ba ni salka ce. Ta ce ruwan salka yakan yi sanyi amma yana warin fata, kuma babarta kan ɗiga mata a tafin hannu ne maimakon ta miƙa mata bakin salkar, don kada ta kwankwaɗe. Ta ce ƙurar auduga kan shiga hanci har mutum ya wuni yana atishawa, farce kuma ya tsattsage. Ta ce ranar farko da aka ba ta kisra, siririyar gurasar nan ta mutanen Sudan, ta ɗauka tsumma ne aka ninke mata a kwano. Sai kuma Hausarta, wadda ita ce ta fi kama ni: ruwa wani lokaci "moya" ne, in ta gama zance ta ce "khalas", amma in ta tashi yin karin magana sai ta fito da irin wadda rabona da ji tun rasuwar kakata ta wajen uwa. Na dawo sama na duba abin da na rubuta, sai na ga tauraruwata da aka haifa kafin zuwan rediyo gidajen talakawa tana magana kamar ɗalibar jami'a. Na share shafi shida, raina na ƙuna.

Wancan sharewar ma kuskure ce, daga baya na gane. A wata irin wannan ba a waiwaye. Ɗanyen rubutu ake so, tacewa sai Disamba. Ni kuwa har komawa nake ina gyara ƙ da ɗ da ɓ waɗanda madannin kwamfutata ba ya da su, aikin da zan iya yi cikin awa guda a ƙarshe.

Lokaci ma bai tafi yadda na tsara ba. Na ce zan riƙa rubutu da dare, na manta Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Sanda 'yan uwa a Kano suka idar da isha'i suka fara kiran waya, nan dare ya fara nisa, kuma ba ka ce wa Hajiyarka ka tafi rubuta babi na tara. Dole na koma bayan sallar asuba, biyar da wani abu, kafin yara su tashi shirin makaranta. Awa ɗaya da 'yan mintuna ce, amma babu mai nemana a cikinta. Abu ɗaya da ya taimake ni, Hausa na da 'yan ƙananan kalmomi, su "ya" da "ta" da "na" da "da", kwamfuta kuwa duk ƙirgawa take. Ban ji kunyar karɓar wannan rangwamen ba.

Ran 30 ga wata na tsaya a kalma 41,300. Yarinyar na Sawakin, ba ta hau jirgi ba.

Bana babu takarda ko ɗaya a bango. Tun farkon Oktoba kowace Talata da la'asar ina wajen Kaka, da izininta nake naɗar muryarta a waya, in na hau sama in kwafe a littafi yadda ta faɗa, ba na gyara mata Hausa. Na cika littafi guda da rabi. Na ware shafi ɗaya na abin da har yanzu nake son ji: yadda ake biyan mai jirgi, abin da mata ke yi idan haihuwa ta zo a hanya, inda aka binne ƙaninta. Wannan na ƙarshen sau biyu ina kai bakina ina fasawa.

Talatar da ta wuce ina tattara kwanuka ta riƙo gefen mayafina. "Wai yarinyar nan taki, har yanzu tana bakin ruwa?" Na ce tana nan, Kaka. Ta ce, "To ki zo da wuri mako mai zuwa, ki taho da abin naɗar. Daren da muka hau ruwa ban taɓa ba kowa labarinsa ba, har 'ya'yana."