Fiffike mai tsaga biyu

Laraba, da dare.

Tun hantsi nake gaban kwamfuta ina gwada hotunan fiffiken bayan dolfin, wata dabbar teku da ake gane kowace da tsagar fiffikenta, har idona ya fara ruwa. Wajen azahar sai na ci karo da wani mai tsaga biyu a gefe, wanda aka ɗauka kusa da tsibirin Maui na jihar Hawai ta Amurka, ya yi kama sak da wani da ke kundin babban tsibirin Hawai. Na miƙe tsaye don murna. Idan shi ne, ya ƙetare mashigin Alenuihaha da ke tsakanin tsibiran biyu ke nan, ruwa mai zurfi, faɗinsa kusan kilomita 48.

Na kira Malama da sauri. Ta sa tabarau, ta ƙara girman hoton, ta yi shiru.

"Ba shi ba ne. Dubi tsagar ƙasa, ta na kundin Hawai ta fi zurfi."

Na ce, "Malama, ai tsaga tana ƙaruwa da shekaru."

"Tana ƙaruwa, amma ba ta cikewa. Hoton mai ƙaramar tsagar shi ne na baya-bayan nan."

Gaskiyarta ce. Jikina ya yi sanyi.

Abin da ta faɗa tana tashi shi ya hana ni sukuni. Ta ce rashin ƙetarewar ai shi ne labarin. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna irin wannan dolfin mai gajeren baki da wuya ya bar ruwan tsibirinsa, shi ya sa NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, take lissafa su rukuni-rukuni bisa tsibirai: na Kauai da Niihau, na Oahu, na yankin Maui, na Hawai. Wato in raga da ƙugiya suka rage na wuri guda, babu maƙwabtan da za su zo su cike gurbi.

Ni da nake ganin teku ɗaya ne, duk inda dabba ta ga dama sai ta je. Ashe kowa da gidansa. Kuma gidan ƙarami ne.

Abincin rana bai shiga ba. Yaya ta kira sau biyu, ban ɗauka ba, gobe zan ba ta haƙuri.

Na mayar da mai tsaga biyu kundin Maui, na ba shi sabuwar lamba. Saura hotuna masu yawa, amma fiffikensa ne yake ta dawo mini a ido.